Gidan Addams da Gidan Badamasi: Wanne Ya Fi Ban Tsoro?



Waɗanda suka halarci taronmu na wata-wata da ya gabata za su tuna yadda aka tashi. Bayan an kammala maganar kuɗin gudummawa da ta duba marasa lafiya, wani dattijo daga cikinmu ya ɗaga hannu. Ya ce ya fito tsakar dare, sai ya hangi haske a ɗakin yara. Yana leƙawa ya tarar da 'yarsa mai shekara 13 ta lulluɓa da zane tana kallon waya. Da ya karɓa, abin da ya gani shi ne wata yarinya cikin baƙaƙen kaya, da kitso guda biyu, fuska ba annuri, ga kuma wani hannu shi kaɗai, babu gangar jiki, yana tafiya a kan yatsunsa. Ya ce daren nan bai ƙara rintsawa ba. Buƙatarsa ita ce ƙungiya ta fitar da sanarwa, a gargaɗi iyaye su hana yara kallon irin waɗannan finafinai.

Wani matashi ya ce, "Baba, ai fim ɗin ban dariya ne." Dattijo ya ce shi bai ga abin dariya a maƙabarta ba. Ana cikin haka wata uwa daga ɓangaren mata ta ce, "Alhaji, to Gidan Badamasi fa? Tare muke kallo da yaran, kuma kullum a can jiran mutuwar uba ake yi." Wuri ya yi tsit, daga baya aka fashe da dariya. Shugaba ya ce kada a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba, ya ɗora wa ofishin sakatare aikin dubawa. Mun duba, mun tattauna da wasu iyaye da malamai, ga kuma ra'ayinmu. Ra'ayi ne, ba doka ba, kowa yana da damar ya faɗi nasa.

A taƙaice, ba mu goyi bayan fitar da sanarwar hani ba. Damuwar dattijon nan tana da tushe, kuma za mu dawo kanta. Amma da muka gama kallo, abin da ya tsaya mana a rai ba hannun da ke tafiya shi kaɗai ba ne. Abin da ya tsaya mana shi ne maganar gado, kuma wannan tana nan cikin unguwanninmu a Jalingo.

Su wane ne iyalan Addams?

Abin da yarinyar take kallo shiri ne mai dogon zango mai suna Wednesday, wanda kamfanin Netflix ya fitar a watan Nuwamban 2022. Sunan jarumar ke nan, wato da a wajenmu ne Laraba ko Balaraba za a kira ta. Ita kuwa 'ya ce a wani gida da Amurkawa suka daɗe da sani, gidan Addams. Wani mai zanen barkwanci, Charles Addams, shi ya fara zana mutanen gidan a mujallar The New Yorker a 1938. An mai da su shirin talabijin daga 1964 zuwa 1966. Babban fim ɗinsu ya fito a watan Nuwamban 1991, wata uku bayan an ƙirƙiro Jihar Taraba, na biyu ya biyo baya a 1993, sannan aka yi na zane mai motsi a 2019 da 2021. Kun ga ke nan ba sabon abu ba ne, mu ne dai wayar hannu ta kawo mana shi yanzu.

Dabarar labarin guda ɗaya ce: komai na gidan a juye yake. Abin da mutane ke gudu shi suke so, abin da mutane ke so shi ke ba su ƙyama. Gidansu tsoho ne, duhu da yanar gizo ko'ina, maƙabartar danginsu tana nan a harabar gida. Uwargida Morticia idan ta samu fure, sai ta yanke kan furen ta yar, ta jera ƙayar a kwalba. Maigida Gomez, attajiri ne, nishaɗinsa shi ne ya haɗa jiragen ƙasa na wasan yara su yi karo. Yaran biyu, Wednesday da ɗan'uwanta Pugsley, wasansu da kayan azabtarwa ne. Hannun nan da ya tsorata dattijonmu ɗan aiken gidan ne, yana kai wasiƙa, yana taya maigida wasa. Su kuma a ganinsu su ne daidai, maƙwabtansu ne abin tausayi.

To amma ga inda abin yake. Duk wannan baƙin hali na waje ne. Idan ka leƙa cikin gidan, Gomez yana son matarsa kamar ranar da aka kawo ta, bayan shekaru da 'ya'ya. Kaka tana zaune tare da su, ba a kai ta wani wuri an ajiye ba. Ana cin abinci tare. Baƙo in ya zo ana karɓarsa hannu bibbiyu, ko da shi yana neman ƙofar gudu.

Labarin fim ɗin 1991 ya isa misali. Gomez yana da wa mai suna Fester da ya ɓace shekara 25 bayan wani saɓani a tsakaninsu, kuma Gomez bai daina neman sa da nadama ba. Lauyan gidan, wanda bashi ya yi wa katutu, ya haɗa baki da wata mata mai ba da rance da ruwa, suka kawo ɗan da take riƙo, mai kama da Fester, suka ce shi ne ya dawo, don su kai ga taskar dukiyar gidan. Gomez ya rungume shi da kuka. Da makircin ya yi nisa, aka je kotu, alƙali ya ce gidan na babban wa ne, aka fitar da Gomez da matarsa da 'ya'yansa suka koma zaman masauki. A ƙarshe aka gano mutumin Fester ɗin ne na gaskiya, mantuwa ce ta same shi, ya juya wa azzaluman baya, ya dawo da ƙaninsa gida. A fim ɗin 1993 kuwa, wata mata ce ta shigo a matsayin mai reno, alhali sana'arta auren masu kuɗi ta kashe su. Ta auri Fester, abu na farko da ta yi shi ne raba shi da danginsa. Dangin ba su haƙura da shi ba har ya kuɓuta.

Ku lura da kyau. A finafinan biyu, masu kwaɗayin dukiya daga waje suke zuwa, cikin kaya masu kyau da murmushi da daɗin baki. 'Yan gidan, masu kama da fatalwa, ba su taɓa yi wa juna faɗa a kan kuɗi ba.

Namu na gida

Yanzu mu dawo kan wanda uwar nan ta ambata. Gidan Badamasi shiri ne na Kannywood da ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2019. Falalu A. Ɗorayi ne ya ba da umarni, Nazir Adam Salihi ya rubuta labarin, Magaji Mijinyawa kuma ya fito a matsayin Alhaji Badamasi. Da wuya a samu gidan Bahaushe a Jalingo da ba a san shi ba. Alhaji tsoho ne mai dukiya da rowa, yana kan keken guragu, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya birjik daga uwaye daban-daban. Kowane ɗa da irin tasa taɓarar, amma abu ɗaya ya haɗa su: ido a kan dukiyar tsoho. Shi kuma ya san da haka, yana ja musu rai, yana juya su yadda ya ga dama.

A gidan nan babu maƙabarta a tsakar gida, babu hannu mai yawo. Riga da hula ne irin namu, gaisuwa irin tamu, "Allah ya ƙara lafiya, Baba" irin tamu. Amma mai kallo ya san addu'ar ba ta wuce leɓe ba. Zaman jiran gawon shanu ake yi. Idan ka cire dariyar ka dubi ƙashin labarin, 'ya'ya ne ke ƙirga kwanakin ubansu, uba kuma yana amfani da kuɗi a maimakon tarbiyyar da bai bayar ba. Wace maƙabarta ce ta kai wannan duhu?

Duk da haka muna zama da iyalanmu mu kalla, mu yi dariya har da hawaye. Me ya sa? Saboda mun san mutanen. Kowa a cikinmu zai iya nuna wani gida, ko a unguwarsu ko a danginsu, ya ce ga Badamasi nan, ga 'ya'yansa. Dariyar ta sanayya ce. Abin da ba za ka iya faɗa wa attajirin layinku a gaban idonsa ba, ɗan wasa ya faɗa masa a talabijin, shi ma yana cikin masu dariya. Hannunka mai sanda ke nan.

Shi ya sa muke ganin shirye-shiryen biyu jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai kowanne ya fuskanci nasa ɓangare. Na Amurka ya ɗauko gida mai ban tsoro a ido, ya cika shi da zumunci, don ya kunyata masu kyan waje. Namu ya ɗauko gida mai kyan gani a ido, ya buɗe mana cikinsa. Idan aka ce mu zaɓi gidan da za mu bar marayunmu a ciki, mun san amsar da za mu bayar, ko da ba za mu so faɗinta da ƙarfi ba.

Wasa da mutuwa ba baƙonmu ba ne

Wasu sun ce a taron, Bahaushe ba ya wasa da mutuwa, wannan ɗabi'ar Turawa ce. Da girmamawa, ba haka abin yake ba. Mu tuna wasan jika da kaka. Yaro zai shiga ɗakin kakansa ya ce, "Tsoho, har yanzu kana nan? Ka ƙi tafiya ka bar mini matata." Tsoho ya ɗaga sanda yana dariya ya ce sai ya ga bayansa. Jikanya ta ce wa kakarta kishiya, ta tambaye ta yaushe za ta bar mata ɗakin. Babu mai jin haushi, hasali ma kakan da jikoki ba sa tsokana shi ne abin tausayi. A wasu gidajen, idan tsoho ya cika bayan ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, jikokin kan kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa a kwanakin zaman makoki, har masu kuka su murmusa.

Mu tuna tatsuniyoyin da aka rene mu da su. Dodo yana haɗiye mutane, kura tana cin na cinyewa, kishiyar uwa tana aika marainiya inda ba a dawowa. Da daddare ake ba mu su, a tsakar gida, muna maƙale da juna, gobe kuma mu ce a ƙara. Mu tuna tashe a watan azumi, yadda yara ke liƙa gemun auduga su tanƙware baya suna kwaikwayon tsoho, ko su kwaikwayi malami da mai magani da gwauro. Duk wannan hanya ce da kakanninmu suka samo ta kallon abin tsoro da abin kunya ba tare da zuciya ta karye ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disambar 2014, a kan wannan turbar ya gina sana'arsa, haka su marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja tun zamanin talabijin mai baƙi da fari.

Sai dai wasan namu yana da ƙa'ida. Jika ne ke tsokanar kaka, ɗa ba ya yi wa uba. Ana yi ne a inda ƙauna ta tabbata, har maganar mutuwa ba za ta zama fata ba. Wannan ƙa'idar ce 'ya'yan Badamasi suka karya, shi ya sa suke ba mu dariya, shi ya sa kuma ya kamata su ba mu tsoro.

Abin da ke zuwa teburin ƙungiya

Ofishin sakatare shi ke riƙe da littafin sulhu. Ba za mu ambaci suna ko unguwa ba, amma duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ya san cewa bayan rikicin aure, babu abin da ke cinye mana lokaci kamar gado.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi yi mana nauyi a nan. Da yawa cikin iyayenmu fatauci ko noma ko aiki ne ya kawo su ƙasar Muri daga Kano, Katsina, Sakkwato, Bauci da sauran wurare. Mutum yana da iyali a Jalingo, yana da wani a garinsu na asali, wataƙila ya taɓa aure a Mutum Biyu ko Garba Cede lokacin da yake sayen hatsi ko doya. 'Ya'yan ba su san juna ba. Ranar da za su fara haɗuwa ita ce ranar zaman makoki. Sai ka ji ana raɗa, "Wancan kuma wane ne?" Gomez ya jira ɗan'uwansa shekara 25 ya tarbe shi da runguma. Mu namu in ya iso daga tasha da jakarsa, abin da ake fara lissafawa shi ne nawa zai rage wa kowa.

Dalili na biyu shi ne ƙasa ta yi daraja. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha a 1991, sannan aka buɗe jami'ar jiha a 2008, filin da uba ya saya da kuɗi kaɗan a bayan gari ya koma tsakiyar gari. Dubi yadda Magami, Mayo Gwoi, Nukkai da Mil Shida suka cika. Gonar da ba wanda ya damu da ita jiya, yau fulotai ce. Yawancin cinikin kuwa da baki aka yi shi, ko da 'yar takardar da ba a san inda take ba, shaidun ma sun riga mu gidan gaskiya.

Ga misali guda da ya wuce ta hannunmu, mun sauya abin da zai sa a gane gidan. Wani bawan Allah ɗan kasuwa ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya, manya da ƙanana. Tun kafin a share makoki, babban ɗa ya kwashe mukullan shago da takardun gida, wai don adanawa. Amaryar, mai yara uku ƙanana, ba ta gama takaba ba aka fara aika mata saƙon cewa ɗakinta za a sa haya. Da muka shiga maganar, sai ga wani ɗa daga garinsu marigayin, wanda rabin gidan ba su taɓa jin sunansa ba. Aka yi shekara ana ja. Shagon da ke ciyar da gidan gaba ɗaya ya zauna a rufe har kaya suka lalace. Yarinya guda ta bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa, alhali tana da haƙƙi a dukiyar da ta fi ƙarfin kuɗin sau ɗari. Ranar da aka raba, abin da ya rage bai kai abin da aka tarar ba, kuma har yau wasunsu ba sa gaisawa.

Duk waɗanda suka yi wannan masu salla ne, masu fararen kaya ranar Juma'a. Babu wanda zai gan su a hanya ya tsorata. Kuma ba jahilcin hukunci ba ne. Rabon gado yana cikin abubuwan da Alƙur'ani ya fayyace dalla-dalla a Suratun Nisa'i, a ayoyi na 11 da 12 da 176, aya ta 10 kuma ta yi kashedi mai tsanani ga masu cin dukiyar marayu. Kowa ya san ana fara biyan bashi da zartar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusi. Kowa ya san matan mamaci suna da tumuni idan akwai 'ya'ya, kuma takaba wata 4 ce da kwana 10 ga wadda ba ta da ciki. Sani yana nan, tsoron Allah da kunyar juna ne suka yi ƙaranci.

Inda dattijonmu yake da gaskiya

Kada wani ya karanta wannan ya ce ƙungiya ta ce a sakar wa yara waya. Ba mu faɗa ba. Dattijon da ya kawo ƙorafi uba ne da ya tashi tsakar dare ya duba 'ya'yansa, kuma da yawanmu ba ma yin hakan. Ya cancanci yabo.

Akwai abubuwa a finafinan Addams da ba su dace da tarbiyyarmu ba. A na 1991 akwai wurin da dangi suka zauna kiran ruhin wanda suke zaton ya mutu. Akwai wasa a maƙabarta, wurin da mu aka koya mana shiga da sallama da natsuwa. Akwai yara suna gwada wa juna kayan kisa, su tashi lafiya ƙalau, abin da ƙaramin yaro ba lallai ya gane cewa ƙarya ce ba. Shirin Wednesday kuwa ya fi tsofaffin finafinan nauyi nesa ba kusa ba: akwai kashe-kashe da jini, da dodo, da gane-ganen gaibu, ga jaruma mai gatsali ga iyayenta. Su kansu masu shi sun sa masa alamar cewa bai dace da yaron da bai kai shekara 14 ba, finafinan 1991 da 1993 kuma an ja hankalin iyaye a kan 'yan ƙasa da 13. Idan waɗanda suka yi abu sun sa masa iyaka, mu ne za mu cire?

Gidan Badamasi ma ba a bar shi haka ba. Akwai rashin kunya ga mahaifi da baƙar magana da yaro zai iya ɗauka ya gwada a gida idan babu babba kusa da zai ce masa, "Ka ga wannan? Abin kunya ake nuna maka."

Abin da ya sa ba mu goyi bayan sanarwar hani ba shi ne ba za ta yi aiki ba. A Kano akwai hukumar tace finafinai tun 2001, amma ikonta bai kai ga abin da yaro ke saukewa daga intanet ba, balle mu da ba mu da ko ɗan doka. Fim yana shiga waya a shagon masu tura finafinai da kuɗi kaɗan, ko daga wayar aboki a makaranta. Abin da hani zai haifar shi ne ƙarin lulluɓa da zane. Yarinyar da ke kallo a ɓoye ba ta da wanda za ta tambaya. Wadda ke kallo kusa da uwarta tana da shi.

Shawararmu

Ga iyaye, game da kallo: waya ta kwana a ɗakin iyaye, ba a ƙarƙashin matashin yaro ba. A duba alamar shekaru kafin a bari. Abin da aka yarda a kalla, a kalle shi a falo, kowa yana gani. Idan an gama a yi tambaya ko da guda ɗaya ce: wa ya yi daidai a nan, wa ya yi kuskure? Kakanninmu ba su taɓa ba mu tatsuniya su tashi ba tare da mun san abin da ya ci kura ba.

Ga iyaye maza, game da abin da ya fi girma: kada mu zama Badamasi. Mu haɗa 'ya'yanmu su san juna tun muna raye, na Jalingo su je gida, na gida su zo Jalingo, domin zumunci a ƙafa yake. Mu rubuta bashin da ake bin mu da wanda muke bi. Mu nemi takardun filaye da gidaje, mu sanar da aƙalla mutum biyu amintattu inda suke. Abin da muka ba wani kyauta, mu miƙa masa a gaban shaidu tun yanzu. Rubuta waɗannan ba ya jawo ajali, barin su ne ke jawo wa marayu wahala. Kada kuma mu riƙe 'ya'ya da alkawarin dukiya. Wanda ya saba wa ɗansa da jira, kada ya yi mamaki in ɗan ya gaji da jiran.

Ga manyan 'ya'ya: mukulli amana ne, ba sarauta ba. Matar uba uwa ce ko ba ita ta haife ka ba, kuma ƙanin da ke rarrafe yana da kaso daidai da naka. A kira malamin da ya san ilimin rabon gado, ko a je kotu, a raba da wuri. Duk gadon da ya daɗe a rufe raguwa yake yi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dillalan da ke zuga ɗan'uwa ya sayar da fili a ɓoye ba sa zuwa gidan da kansa ke haɗe.

Ga ƙungiya: za mu gabatar wa taro mai zuwa shawarar a gayyato malami ya yi mana bita a kan gado da wasiyya, maza da mata, da kuma shawarar cewa duk gidan ɗan ƙungiya da aka yi rasuwa, kwamitin sulhu ya ziyarce su bayan kwana 40 ya tambayi halin da matan da ƙananan yara ke ciki, ba sai an kawo ƙara ba. Muna roƙon kowa ya zo da ra'ayinsa.

Mun koma wajen dattijonmu kafin mu wallafa wannan, mun karanta masa. Ya ce har yanzu shi bai yarda da yarinyar mai baƙaƙen kaya ba, kuma wayar tana aljihunsa sai an yi hutu. Muka ce wannan haƙƙinsa ne. Da muka miƙe za mu tafi, sai ya ce mu dakata, ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda ya san yadda ake sabunta takardar fili, domin akwai wata gona da ya saya tun zamanin Gongola, kuma yaransa na gida ba su san da ita ba. Mun yi masa alkawarin raka shi ranar Litinin.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya sa mu bar musu zumunci fiye da abin da za su raba. Amin.

Sakatare,
a madadin shugabannin ƙungiya, Jalingo.